Darasi a Kan Kuɗin Sola, Farashin Mai da Zuciyar Mai Saye

Ran 29 ga watan Mayu 2023, a cikin jawabinsa na kama mulki, Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya ƙare. Kafin mako ya zagayo, litar da ake saye naira 185 zuwa 195 ta koma wajen naira 500, a garuruwan arewa ma har ta ɗara haka. A watan Oktoba 2024 ta taɓa naira 1,000. Tun daga wannan lokaci, wanda ya ɗaga kai ya dubi rufin gidaje a Jos ko Kaduna ko Yola zai ga baƙaƙen farantan sola suna ta ƙaruwa. Amma in ya kasa kunne da almuru, zai ji gidajen da janareto ke kuka a bayan ɗaki sun fi su yawa nesa ba kusa ba. To, in gaskiya ne sola ta fi araha, kamar yadda masu sayar da ita suke faɗi, me ya hana kowa saye? Wannan ita ce tambayar darasinmu. Rabin amsar lissafi ne, wanda ɗan aji uku zai iya yi a bayan littafinsa. Ɗaya rabin yana cikin zuciyar mai saye, shi ne kuwa ya fi wuyar aunawa.

Abin da Ake Saye

Idan maigida ya ce ya sa sola, kaya huɗu yake nufi. Akwai farantan da ake kafawa a kan rufi, masu mai da hasken rana wutar lantarki. Akwai batir da ke ajiye wutar har dare ya yi, da ƙaramar na'ura mai daidaita caji don kada batir ya ƙone. Sa'an nan akwai inbata, wadda ke juya wutar batir ta zama irin wadda fanka da talabijin suke aiki da ita. A kan waɗannan sai a ƙara kuɗin waya da ladan mai haɗawa.

Ana auna ƙarfin kayan wuta da wat. Abu mai wat 1,000 in ya yi awa 1 yana aiki, ya ci yunit 1 ke nan, irin yunit ɗin da ake saye a mita. A arewacin ƙasar nan muna samun kamar awa 5 zuwa 6 na rana mai ƙarfi a yini. Saboda haka faranti mai wat 400, a kan takarda, zai ba da yunit 2 ko fiye kaɗan. A kan rufi kuwa sai a rage kashi 1 cikin 5 ko cikin 4, gama wani abu yana salwanta a cikin waya da batir da inbata.

Ga wani abu da mutane da yawa suke ɗauka a baibai. Haske faranti yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. A ma'aunin zafi 25 ake gwada shi a masana'anta, kuma duk mataki ɗaya da ya hau bisa wannan yana cire masa kusan rabin kashi 1 cikin 100. Faranti ya fi jin daɗin safiyar hunturu mai sanyi a kan tsakar ranar watan Afrilu, muddin an share masa ƙura. Wanda ya bar ƙurar hunturu ta kwanta a kan farantinsa wata guda, ya bar kuɗinsa ne a kan rufi.

Farantin kirki yakan yi shekara 25 yana aiki. Batir ne mai gajeren kwana. Tsohon samfuri, mai darma da ruwan batir, yakan yi shekara 2 zuwa 5, kuma ba a so a shanye fiye da rabin cajinsa. Sabon samfuri na litiyam yakan kai shekara 8 zuwa 10 ko fiye, amma da tsada a ranar saye. A yawancin gidaje yau, kuɗin batir ya fi na farantai.

Yadda Rana da Mai Suka Haɗu

A 1954 ne masana a ɗakin bincike na kamfanin Bell a Amurka suka fito da farantin silikon na farko mai amfani. Kashi 6 cikin 100 kaɗai na hasken da ya sauka a kansa yake iya mayarwa wuta, na yau kuwa sun wuce kashi 20. Tsadarsa ta sa shekaru da yawa babbar kasuwarsa ita ce taurarin ɗan Adam da ake harbawa sama.

Mai ne ya sa duniya ta waiwayi rana. A watan Oktoba 1973, lokacin yaƙin Larabawa da Isra'ila, ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka daina sayar wa Amurka da waɗansu ƙasashe. Cikin 'yan watanni gangar ɗanyen mai ta tashi daga wajen dala 3 zuwa kusan dala 12. Juyin juya halin Iran na 1979 ya sake cilla ta sama. A wannan shekara Shugaba Jimmy Carter ya sa aka kafa farantai 32 masu ɗumama ruwa da zafin rana a kan rufin fadar shugaban Amurka, don ya nuna wa mutanensa hanya. A 1986 farashin mai ya faɗi ƙasa da dala 15. A shekarar aka sauke farantan nan lokacin gyaran rufi, ba a kuwa mai da su ba. Haka sha'awar sola ta dinga bin farashin mai kamar jela, in ya hau ta hau, in ya sauka ta sauka.

Abin da ya tsinke wannan igiya ya zo daga ƙasashe biyu. A shekara ta 2000 Jamus ta yi doka cewa duk wanda ya kafa sola, za a sayi wutarsa a kan tsayayyen farashi har shekara 20. Mutane suka samu tabbaci, suka yi ta saye. Ƙasar Sin kuma ta gina manyan masana'antu don ta cika wannan kasuwa. Masana sun lura cewa duk lokacin da jimillar farantan da aka ƙera a duniya ta ninka biyu, farashi yakan sauka da wajen kashi 20 cikin 100, domin hannu yana ƙara gwanancewa, kayan aiki kuma suna ƙara inganci. A 1977 wat ɗaya ya fi dala 70. A 2024, a bakin masana'anta, bai kai santi 20 ba, wato kashi 1 cikin 5 na dala. Fiye da kashi 80 cikin 100 na farantan duniya a ƙasar Sin ake yin su.

A Jamus da Amurka yau da wuya a ƙona mai don a samar da wutar gida, saboda haka farashin ganga ba ya taɓa lissafin sola kai tsaye a can. Mu namu dabam ne. Wutar da har yanzu muke kira ta Nepa, ko da yake hukumar mai wannan suna ta kau tun 2005, tana fitowa ne daga iskar gas da madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro. Shekara da shekaru abin da ke isowa ga jama'a yana yawo tsakanin megawat 4,000 da 5,000, ga mutane fiye da miliyan 200. Janareto ne ke cike giɓin. A watan Oktoba 2024, da aka lalata babban layin da ke ɗauko wuta daga Shiroro zuwa Kaduna, jihohin arewa da yawa sun yi fiye da mako a cikin duhu. A ƙasar nan, abokiyar gasar sola ita ce litar fetur.

Bari Mu Yi Lissafi

Lambobin da ke biye misali ne don koyo. Kowa ya sa na gidansu a madadinsu.

Mu ɗauka gida yana da ƙwan lantarki 6 masu wat 10, fanka 2 masu wat 60, da talabijin mai wat 70. Jimilla wat 250. In an kunna su awa 6 kowane dare, an ci yunit 1 da rabi. Mu ɗauka kuma ƙaramin janareto yana shan rabin lita a awa, wato lita 3 a dare.

Sa'ad da lita take naira 190, daren gidan nan naira 570 ne, shekara kuwa naira 208,050. Da lita ta zama naira 1,000, dare ya koma naira 3,000, shekara naira 1,095,000. Ban sa baƙin mai da filogi da ladan makaniki a ciki ba. Ban kuma sa abin da ba ya lissaftuwa ba, wato hayaƙin janareto, wanda ya sha kashe iyali sukutum a cikin barci inda aka kunna shi a cikin gida.

Yanzu mu ɗauka solar da za ta ɗauki wannan kaya, farantai 2 da batirin litiyam da ƙaramar inbata, duka da ladan haɗawa, dala 1,000 ce. Da dala na faɗa domin kusan dukan kayan daga waje ake shigo da su. A farkon 2023 dala tana wajen naira 750 a hannun 'yan canji, saboda haka kuɗin ya kama naira 750,000. Bayan an saki naira a watan Yuni 2023, ta yi ta faɗuwa har dala ta kai wajen naira 1,500 a 2024. Kaya ɗaya, ba a ƙara ko ƙusa ba, ya zama naira 1,500,000.

To, a raba kuɗin sola da kuɗin fetur na shekara, a ga tsawon lokacin da za ta ɗauka kafin ta mai da kuɗinta. A tsohon farashi, 750,000 a raba da 208,050, shekara 3 da rabi da 'yan kai. A sabon farashi, 1,500,000 a raba da 1,095,000, bai cika shekara 1 da wata 5 ba. Ku duba da kyau. Sola ta ninka tsada sau 2, amma ta fi saurin biyan kanta, domin fetur ya ninka sau 5. In wutar gari tana zuwa rabin dararen, sai a ninka waɗannan shekaru biyu, amsar dai ba ta juya ba.

Akwai wata hanyar dubawa. Gidan nan yana biyan naira 3,000 don yunit 1 da rabi, wato naira 2,000 kowane yunit, gama janareto yana shan mai ko an ɗora masa kaya ko ba a ɗora ba. Ko da an cika masa kaya daidai ƙarfinsa, da ƙyar lita ɗaya take ba da yunit 2. Solar kuwa, in ta yi shekara 10 tana ba da yunit 1 da rabi kowace rana, ta ba da yunit 5,475, kowanne a kan wajen naira 274. Ku kwatanta da naira 225 da aka yanka wa masu rukunin A na wutar gari a watan Afrilu 2024, farashin da ya sa aka yi ta kuka. Mai ƙaramin janareto ya fi kowa sayen wuta da tsada a ƙasar nan, sau da yawa kuma bai sani ba, domin kaɗan kaɗan take fita daga aljihunsa.

Zuciyar Mai Saye

In lissafi ne kaɗai, da an gama magana. Amma wani masani mai suna George Katona, haifaffen ƙasar Hangari da ya yi aiki a Jami'ar Mishigan ta Amurka, ya koyar tun bayan Yaƙin Duniya na Biyu cewa sayen babban kaya yana bukatar abu biyu: iko da niyya. Iko shi ne kuɗin da ke hannu. Niyya kuwa tana fitowa ne daga yadda mutum yake hangen gobe. Shi da abokan aikinsa suka fara zagayawa suna yi wa magidanta tambayoyi masu sauƙi. Halinka ya fi na bara ko ya gaza? Kana ganin baɗi za ta fi? Yanzu lokaci ne mai kyau na sayen manyan kayan gida? Daga amsoshin ake fitar da lamba guda, wadda ake kira ma'aunin ƙwarin gwiwar masu saye. Babban Bankin Nijeriya ma yana yin irin wannan bincike a kan magidantan ƙasar nan.

Farashin mai yana da hannu mai nauyi a kan wannan ma'auni, kuma dalilin a fili yake. Ba wani kaya da ake rubuta farashinsa da manyan lambobi a bakin titi, kowa yana gani safe da yamma, kamar fetur. A watan Yuni 2022, bayan Rasha ta shiga Yukren gangar mai ta wuce dala 120, galan ɗin fetur a Amurka ya haura dala 5. A watan nan ma'aunin Mishigan ya faɗi zuwa 50, mafi ƙanƙanta da aka taɓa gani har zuwa lokacin, alhali yawancin mutane suna da aikin yi.

Iyayenmu sun ga ɗaya fuskar abin. Tashin farashin mai na 1973, wanda ya sa Amurkawa layi a gidajen mai, mu kuɗi ya kawo mana. Ƙarin albashin Udoji ya biyo baya, aka biya ma'aikata har da bashin watannin da suka wuce, aka yi ta sayen babur da rediyo da firiji, domin kowa yana ganin gobe ta fi yau. Da farashin ya karye, sai tsuke bakin aljihu na 1982 da shirin gyaran tattalin arziki na 1986 suka zo. Tun da aka cire tallafi kuwa, in ganga ta tashi a kasuwar duniya, gwamnati ce take ganin ribar, magidanci kuwa a famfon gidan mai yake gamuwa da ita.

A nan ne tarkon yake. Tsadar fetur da ta sa sola ta zama abin riba, ita ce kuma ta cinye kuɗin da za a saye ta da shi. Kuɗin mota ya tashi, kuɗin ɗauko masara daga ƙauye ya tashi, hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 a watan Disamba 2024. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024 naira 70,000 ne. Solar misalinmu albashin wata 21 ce da ɗoriya ga irin wannan ma'aikaci, in bai ci ba bai sha ba. In ya ce zai ci bashi, Babban Banki ya kai kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a watan Nuwamba 2024, bankunan kasuwa kuwa bisa wannan suke ɗorawa. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kada ɗalibi ya yi saurin cewa mai janareto bai iya lissafi ba. A ganina yana yin wani lissafin ne da bai shiga allonmu ba. Wanda yake sayen fetur na naira 3,000 kowace yamma yana da ikon ya ce yau babu, a kwana a duhu. Wanda ya zuba naira miliyan ɗaya da rabi a kan rufi ba zai iya sauko da ita ba ran da yaro ya kwanta asibiti, ko ran da aka koro wani don kuɗin makaranta. Ɗan haya yana tunanin ranar da maigida zai ce ya tashi. Ma'aikacin da albashinsa ke makara yana tunanin wata mai zuwa. Wani kuma yana jira ne ya ga ko fetur zai sauko, kuma ya ɗan sauko a 2025, bayan matatar Dangote ta fara sayar da nata a watan Satumba 2024 gasa ta shiga kasuwa. Duk wanda bai tabbata da gobe ba yakan riƙe kuɗinsa a inda hannunsa zai kai da sauri, ko da riƙon yana ci masa riba.

Abin mamaki, wannan rashin tabbas ɗin shi ne yake tura waɗansu su saya. Mai 'yan kuɗi a banki da ya ga naira tana narkewa, gara masa ya mai da su faranti da batir tun ba su zama rabi ba. Tsoro ɗaya ne, amma ya raba mutane gida biyu: mai abin hannu ya gudu zuwa wuta mai araha, marar shi ya zauna da mai tsada. Rufin da muke gani da farantai, galibi rufin wanda ya riga ya fi ƙarfin matsalar ne.

An nemi hanyar tsallake wannan rami. A Kenya, wajen 2012, kamfanin M-KOPA ya fara ba mutane ƙaramar sola suna biya kaɗan kaɗan ta wayar hannu, in ba a biya ba na'urar ta kulle kanta har sai an biya. Irin wannan ciniki ya iso Nijeriya. Hikimarsa ita ce ya mai da sola kamar fetur, abin da ake biya a hankali. Sai dai jimillar abin da za a biya ta fi kuɗin hannu sosai, saboda haka a tara lambobin duka kafin a sa hannu a takarda. Adashi da ƙungiyoyin ajiya na ma'aikata suna yin wannan aiki da ruwa kaɗan ko babu ruwa sam, ni kuwa na fi amincewa da su.

Akwai kuma dabarar rage kaya kafin a sayi wuta. Tsohon ƙwai mai wat 60 da sabo mai wat 10 kusan haske ɗaya suke bayarwa, amma na farko yana bukatar faranti da batir ninki 6. Dutsen guga da hita da rishon lantarki, kowannensu yana cin wat 1,000 ko fiye, ba abincin ƙaramar sola ba ne. Gidan da ya fara da fitilu da cajin waya da fanka ɗaya zai iya ƙara faranti baɗi. Inda ake yawan faɗawa shi ne wajen batir. Mai ƙaramin ƙarfi yakan je ga mafi araha, ya samu tsohon batir da aka wanke aka yi wa fenti, ko faranti da aka rubuta masa wat ɗin da ba shi da shi. Wata shida wuta ta mutu. Hasarar ba ta tsaya a gidansa ba, gama maƙwabta goma da suke kallo za su ce ashe sola ƙarya ce, su koma ga jarkarsu. Araha ba ta ado, a nan kuwa har ƙwarin gwiwar unguwa take karyawa.

Ga aikin hutu ga 'yan aji huɗu zuwa shida. Ku samu ƙaramin littafi, ku rubuta kowace lita da aka zuba wa janareton gidanku har kwana 30, da awowin da ya yi yana aiki, da wat na kowane abu da aka kunna, wanda za ku gani a rubuce a jikinsa ko a bayansa. Ku fitar da kuɗin yunit ɗaya. Sa'an nan ku tambayi farashin sola daidai wannan kaya a shago biyu dabam dabam, ku raba kamar yadda muka yi a sama. Wanda gidansu ba janareto, ya lissafa kuɗin batirin tocila da kananzir da cajin waya a shago. Bayan kun gama, ku kai wa Baba ko Mama amsar, ku yi musu tambayoyin Katona guda uku cikin ladabi, ku rubuta abin da suka ce a ƙarƙashin lissafin. A kawo littattafan a makon farko na sabon zango.